Sunan da Iya Ba Ta Faɗa Ba

Tun da aka yi sabuwar doka, ba a ba Sashen Nazarin Mata kuɗin bincike sai an tafi hira riƙe da na'urar ɗaukar murya ta jami'a, mai cike duk abin da mai magana ta tsallake.

Malama Hansatu daga sashen ta ajiye ta a kan tabarmar Iya Tabawa.

"Iya, ba wanda zai gane ke ce."

"To, 'yar nan. Wannan tabon na goshina, mutumin nan ne."

Tun aurensu bakinta bai taɓa kiran sunan mijinta ba.

Na'urar ta ɗaga murya, muryar Iya sak: "Ɗanliti ne ya fasa mini kai."

Iya ta kama bakinta. "Wallahi ni ban faɗa ba!"

A zaure, rediyon maigidan ya yi shiru.