Sawu a Daɓen Falo

Sai da ƙafarsa ta nutse a sabon daɓen ruwan roba, wato ifoksi, ya tuna cewa damina ake ciki. Shi da ke koya wa ɗalibai yadda danshi ke jinkirta daskarewar roba, ga shi tsaye a ƙofar falonsa kamar zalɓe, jibi kuma masu neman auren 'yarsa za su zo.

Da rana ta buɗe, daɓen ya ƙame kamar gilashi, sawun ya zauna daram.

Ranar zuwan baƙi, kawun saurayin ya daɗe yana kallon ƙasa.

"Yatsu shida! Malam, wane shashasha ya ɓata maka aiki haka?"

"Wani mara haƙuri ne, Alhaji," ya ce, yana jan babbar riga ya rufe ƙafarsa.