Takardar Baba a Allon Silima

Chisato ta gane rubutun tun kafin ta karanta shi. Hannun nan ne yake rubuta jerin abincin shagonsu kowace safiya, yana jan wutsiyar harafin ƙarshe kamar zai fita daga takarda. Yanzu ga shi a bakin ƙaramin siliman unguwa, a allon da 'yan kallo ke manna ra'ayinsu. Babu suna a ƙasa.

"Amamiya matsoraci ne. Ba wanda ya riƙe masa hannu."

Ashe surukinta ya zo ya kalli fim ɗin. Shi da ko wasan besbol aka sako a talabijin ɗin shago sai ya juya tasha.

Wata takwas ke nan da aurenta. Mijinta Ryohei yana aiki a Osaka, sai ƙarshen wata yake leƙowa, ita kuma tana zaune da iyayensa a saman shagon taliyar. Surukin nata, Baba Kashiwagi, bai taɓa yi mata faɗa ba, amma maganarsu ba ta wuce "ruwa ya tafasa" da "goge teburin can". Ta ɗauka ƙarancin karatunta ne ya sa bai ga abin da zai ce da ita ba. Ba abin da take so irin ya dube ta sau ɗaya kamar 'yar gida.

Fim ɗin labarin gaskiya ne na Mogami, ɗan wasan besbol ɗin da shekara talatin da wani abu da suka wuce ya rage masa bugu guda ya kafa sabon tarihi, irin bugun da ƙwallo ke tsallake katangar fili ta faɗa cikin 'yan kallo. A wasan ƙarshe sau huɗu yana fitowa da sandarsa, sau huɗu wani matashin mai jifa, Amamiya, yana wurga masa ƙwallo can gefe inda sanda ba ta kaiwa. Kocinsa ne ya umarce shi, don mai riƙe da tsohon tarihin ɗan ƙungiyarsu ne. Daga shekarar Amamiya ya bar wasa, fim ɗin bai ma faɗi inda ya nufa ba.

A cikin silima Chisato kuka ta yi wa yaron. Ta san yadda ake ji in babba ya ce yi, bakinka ya kasa cewa a'a. Amma a hanyar gida ta yi ta maimaita kalmomin takardar har ta haddace su.

Washegari da azahar shago ya cika. Wasu samari biyu masu aikin titi suka ɗauko gardamar fim ɗin. Ɗaya ya ce laifin koci ne, ɗayan ya ce ai ƙwallon ba a hannun koci take ba. Baba yana bayan tukunya yana tsame taliya. Ya fasa ƙwai, ya cilla ɓawon a kwandon shara na can lungu ba tare da ya duba ba, kamar kullum.

Tsoho Komuro mai aski, wanda ya fi shekara talatin yana cin abinci a kujera ɗaya, ya ce da su su ci taliyarsu kafin ta kumbura, masu surutu kamar an kunna rediyo. Suka yi dariya suka ce shi ma ai tsoron almakashinsa yake ji shi ya sa yake kare matsorata. Sai ɗayan ya juyo.

"Amarya, ke fa? Raba mana gardama."

Da a ce jiya ne, da ta sunkuyar da kai ta shige ciki. Yau ta ajiye faranti, ta ɗaga murya yadda za ta kai bayan tukunya. Ta ce Amamiya matsoraci ne, ba wanda ya riƙe masa hannu. Da ta ga samarin sun tafa mata, sai ta ƙara da nata.

"Da ni ce shi, ko sunan ma ba zan ƙara amsawa ba."

Komuro ya zuba wa kwanonsa ido. Wata tsohuwa da ke gefensa ta ajiye tsinken cin abincinta a hankali. Chisato ta ji kunya ta rufe ta, don ta san ba abin da ke ranta ta faɗa ba, ta sayar da yaron da ta yi wa kuka.

Baba ya girgiza matsamin taliya, ya juye a kwano. Sannan ya ɗago ya dube ta sosai, karo na farko.

"Gaskiya kika faɗa, 'yata."

'Yata. Kalmar ta bi ta har wurin wanke-wanke, tana murmushi ita kaɗai.

Surukarta, Mama Fumie, ta shigo ta tsaya kusa da ita tana goge kwanuka. Can ta tambaye ta ko ta taɓa lura da hoton tsohon da ke rataye a saman ƙofar shago. Chisato ta ce eh, ai kakan Ryohei ne, mahaifin Baba.

Mama ta ce a'a, nata mahaifin ne. Shagon nasa ne, sunan Kashiwagi ma nasa ne. Bai haifi namiji ba, don haka da ta tashi aure sai ya karɓi mijin a matsayin ɗa, ya ba shi sunan gidan, yadda aka saba yi a ƙasar. Ta ce ba ta taɓa ganin ango da ya yi saurin karɓar sunan surukai irinsa ba.

Ta jera kwano na ƙarshe a kan kantar kwanuka, ba ta dubi Chisato ba.

"Kafin ya shigo gidan nan, Amamiya ake ce masa."