Radiyon Mamani Tela

Shekara bakwai rabon Jimrau da Dakoro. Ya dawo ya tarar an sauke tutar Nasara an ɗaga ta ƙasa, lakwal, makarantar boko, ta samu rufin kwano, kukar bakin kasuwa ta faɗi, ƴan matan da ya bari suna tallar fura duk suna goye da ƴaƴa. Sannan Mamani tela ya yi radiyo.

Abu ɗaya ne bai sake ba, wato tsohonsa Mijinyawa, falken da ya ajiye fatauci tun da gwiwa ta ƙi. Jimrau ɗan fari ne, don haka tsohon bai taɓa kama sunansa ba, bai taɓa yi masa magana kai tsaye ba. "Wancan" yake ce masa. Ko ranar da ya sauka, bango tsohon ya kalla ya ce a ba wancan ruwa.

Jimrau bai damu ba, dama mako guda ya ɗebar wa gida. Kasuwa mai zuwa zai hau kamiyon Almu direba, babbar motar kaya, zuwa Maradi, daga nan duk inda ƙafa ta ja shi.

Radiyon kuwa akwatin katako ne, rataye a bangon da ya raba shagon Mamani da gidan su Jimrau. Ba mai taɓa shi sai mai shi. Ranar kasuwa kaɗai yake magana, bayan la'asar, wai don tattalin pil, wato batir, kuma muryar mai labarin kamar daga cikin tulu take fitowa.

A da, labarin Alƙali Allura kaɗai ake ji. A saci tunkiya, alƙali ya yi tambaya uku, a kama ɓarawo, kowa ya kakkaɓe riga ya kama gabansa. Amma makon da Jimrau ya iso aka kawo sabo, na wani Sha'ibu mai bin sawun farin raƙuminsa da aka sace, aka kuma tsaya da shi a tsakiyar hanya.

Nan gari ya rabu biyu. Mahauta suka ce a dawo musu da alƙali, su sun saba a yanka a feɗe a raba a rana ɗaya. Hadizatu mai fura ta ce ita Sha'ibu ya yi mata, ko ba komai ta samu abin juyawa a rai mako guda a bakin turmi. Jimrau, wanda ya sha kallon siliman a Abijan, ya bi bayan mahauta. Ya ce labarin kirki guzuri ne, a ƙulle shi a sa a aljihu, wanda ake ja kuwa turke ne na ɗaure masu zaman banza. Tsohonsa ko leƙe ba ya yi. Da an sallame la'asar yake shigewa gida, ya ce radiyo surutu ne na marasa gona.

Ranar tafiya, jakar Jimrau na saman kamiyo, ya biyo ta shagon don ya ɗan yi musu dariya. Ya tarar Sha'ibu ya sauka wata rijiya a Tagriss, igiyar tana ta tsinkewa sili-sili. Saura sili ɗaya muryar ta ce sai kasuwa mai zuwa.

Almu ya danna oda har ya gaji, ya jefo masa jakar.

"In ji dai ko ya fito," in ji Jimrau. "Daga wanga shi ke nan."

Sha'ibu ya fito, amma a hannun ɓarayin. Mako na gaba ya kuɓuce musu, ƙishirwa ta kayar da shi. Ana haka ruwa ya sauka, Jimrau ya tsinci kansa a gonar gida yana shuka, tun da zaman jira ba sana'a ba ne. Hatsi ya kai gwiwa, ya kai kafaɗa. Mahauta suka ce ya ci amanarsu, Hadizatu kuma ta riƙa gaishe shi da "Ina kwana, na turke?"

Shi dai yana jinjina wa mutanen gidan radiyon Yamai, babban birni. Mai labarin nan ya san kowace rijiya daga Roumbou har Tagriss, ya san mai zartsi da mai daɗi. Wata rana har kukan akuya aka ji a cikin akwatin, Jimrau ya ce ashe birni ma ba su rabu da awaki ba.

Da aka kai damman ƙarshe rumbu, haƙurinsa ya ƙare. An bar Sha'ibu riƙe da akalar raƙumin, kura na kuka a bayansa, ga alama kuma ƙarshen labarin ba a kusa yake ba. Jimrau ya rantse Yamai zai tafi da ƙafarsa, ya nemo mai labarin, ya ji ƙarshen a zama ɗaya, daga nan ya wuce bakin teku.

Ya ɗaure jakarsa tamau, ya kai wa Almu. Ya sayi sabbin pil don yi wa Mamani sallama, ya iso shagon mutane ba su dawo daga masallaci ba. Ya ce bari ya sa su da kansa, ai ya ga radiyo iri-iri. Ya sauke akwatin, ya ji shi sakayau kamar ƙwarya. Ba waya a ciki, ba gurbin pil. A inda yake rataye, rami ne a bango, an cusa masa wuyan tulu.

Daga cikin ramin aka yi gyaran murya, irin wanda Jimrau ya saba ji kowace asuba tun yana rarrafe, sannan aka yi magana ƙasa-ƙasa:

"Mamani, wancan ya hau motar ne, ko in sako kurar?"