Reza a Jakar Ɗinkin Gunvor

Shekara arba'in da biyu Oddvar yana aske gemunsa da aska ɗaya, ta ƙarfe, wadda ya gada wurin mahaifinsa, irin wadda ake murɗe kanta a sa reza mai baki biyu a ɗaure. Safiyar Juma'ar da za su tashi daga Bergen zuwa Tromsø ya tsaya yana jujjuya ta a hannu. Jakar hannu kaɗai za su ɗauka, kuma ya sani sarai ba a shiga jirgin sama da reza a jakar hannu.

Tafiyar ba ta wasa ba ce. Jikarsu Tiril ta cika shekara sha biyar, ranar Lahadi za a yi bikin tabbatar da ita cikin addini a coci, kuma matarsa Gunvor ta shafe shekara biyu tana ɗinka mata kayan gargajiya da hannu, kamar yadda tata kakar ta yi mata. Sauran kayan sun riga sun isa can. Farar rigar ciki ce ta rage, adon wuyanta bai kammala ba, Gunvor ta ce a hanya za ta ƙarasa shi.

"Ka ɗauki ta roba mana, ga su nan a banɗaki," in ji Gunvor. "Ko ka tafi da taka ba reza, in mun sauka ka saya."

"Ta roba? Wannan mai tsigar gemu kamar ana fige kaza? Ba zan shiga hoton jikata da fuska duk tabo ba."

"Wa zai kalli fuskarka, tsoho? Kai dai ka ɗaura taye a wuya ka yi shiru."

Oddvar mutumin kirki ne, amma akwai taurin kai, kuma yana cikin mutanen nan da in aka ce musu ga doka sai su fara neman ta inda za a zagaye ta. Da Gunvor ta shiga kicin, ya kwance askar ya zare rezar da ke ciki. Takardar da ake naɗe ta ya daɗe da yarwa. Haka ya zura ta tsirara cikin aljihun jakar ɗinkin matarsa, wurin allurai da ɗan almakashi, a tunaninsa ba mai lura da ita a cikin tarkacen ƙarfe. Bai faɗa mata ba, don ya san za ta cire.

Ba su ma kai filin jirgin ba. A cikin bas Gunvor ta sa tabarau, ta shimfiɗa rigar a cinya, ta zura hannun dama aljihu neman zare. Ba ta yi ihu ba, sunansa kawai ta kira a hankali. Da ya juyo, jini na bulbulowa daga gindin babban yatsanta. Cikin ruɗewa ya wawuri ƙyallen da ya fi kusa ya naɗe mata hannu, sai da ya ɗaure tamau sannan ya ga abin da ya ɗauka. Rigar Tiril ce.

A asibiti likita ta ce jijiya ta tsinke, sai an yi tiyata. Ta tambayi yadda aka yi reza ta shiga jakar ɗinki. Gunvor ta juya ta kalli mijinta.

"Ni na sa," in ji Oddvar. 

Jirgi ya tafi ya bar su. Ranar Lahadi a waya suka kalli Tiril a gaban coci, sanye da rigar aro wadda hannayenta suka yi mata tsawo. Ciwo ya warke bayan watanni, amma yatsan bai sake riƙe allura ba. Mace mai ɗinki tun tana 'yar shekara tara, maɓalli ma ya gagare ta.

Oddvar ya ga ban haƙuri ba zai ɗinka riga ba. Ya je ya sayo sabon farin yadi, ya ajiye a gabanta, ya ja kujera.

"Ki nuna mini. Ni zan yi."

"Kai? Da waɗannan yatsun na kafinta?"

"Da su na ɓata, da su zan gyara."

Ba ta raga masa ba ko kaɗan. In ya yi layi ya karkace, sai ta ce ya warware, ya warware ya sake. Allura ta soke shi har ya daina ƙorafi. Abokansa na kamun kifi suka yi ta tsokanarsa suna tambaya ko yana karɓar ɗinkin labule, bai kula su ba. Kullum bayan karin kumallo yana bakin taga da zare, har shekara ta zagayo ya kai ƙarshen adon wuyan.

Gunvor ta ɗaga rigar da hannun hagu ta duba a haske. Ta ce adon bai kai nata ba, ya ce ya sani. Ta ce amma Tiril za ta sa.

Sai ta jawo jakar ɗinkin don a mayar da allura. Oddvar yana kallo ta kifar da ita, ta zazzage komai a kan tebur tukuna. Tun ranar bas ɗin ba ta sake zura hannu cikin wata jaka ba, kuma wannan kam ba shi da yadda zai gyara.

Jama'a, in za a yi tafiya a zaɓi askar da doka ta yarda da ita, reza kuma kada a bar ta tsirara ko'ina. Abin da ka ɓoye don jin daɗinka, hannun wanda ya amince da kai ne zai fara cin karo da shi.