Sunan Yankan Arzika

Yara sun tashi lokacin da Safinatu ta iske Arzika a ajinsa na makarantar Bodinga. Yana goge darasin Turanci kan kalmomin da ke dacewa da juna, da guntun alli a bayan kunne, don bana ko alli tsimi ake yi.

"Baffa ya kai sunayenmu ga malamin duba na Lambara kan maganar aurenmu," ta ce, idonta a ƙasa. "Wai taurarinmu ba su dace ba. Kai wuta, ni ruwa."

Tsumman goge allon ya tsaya a hannunsa. "Da wane suna anka duba?"

"Arzika."

"Ai laƙabi ne, kakata ta sa mini! Sunana na yanka Zubairu. A koma a sake dubawa."

"Na sani. Jiya na tahi da kaina, na ba shi na yankan."

"To, mi ya gani?"

"Yana fara zane a rairayi na ɗauki takalmana na fito." Sai yanzu ta ɗago ta dube shi. "Tsoro na ji kada ya sake cewa a'a. Ni dai na duba, ka dace da ni. Saura ka zo ka tsaya gaban Baffa."