Mai Rabon Ruwa

Wani ɗan sanda ya tare wata mata 'yar cocinmu da gorunanta na ruwa. "Doka ta hana ba masu layin zaɓe ruwa."

Tun safe muke cikin rana. Rumfa ɗaya suka bar wa unguwarmu ta baƙaƙen fata, fararen tsallaken titi kuwa tuni sun gama.

"Kaka, mu tafi kada ki faɗi," na ce.

"In na faɗi, ja ni gaba."

Sai ga ruwan sama. Ba wanda ya gudu. Kaka ta tara malfarta ta coci, ta sha, ta miƙa baya. Layi ya kaure da shewa.

"Yaro," ta ce wa ɗan sandan, tana nuna sama, "ga Mai laifin can. Je ka kama Shi."