Da Ido Take Shayarwa

"Inna, mi ya hana Anti kuka? Jini fa ke fita."

Wata ƙaramar yarinya ce ta yi tambayar a ɗaki cike da mata. Uwar ta jawo yarinyar jikinta, amma ido ya riga ya kai: jaririn Anti, mai sababbin haƙora, ya gartsa wa nono cizo, ita kuwa tana ta ba su labarin farashin leshi a Ƙonni.

Antin nan ce abar kwatancen matan Illela tun da ta dawo daga ƙasar waje, inda likita ya zuƙo kitsen cikinta ya cika mata ƙirji. Ko zanin gida ta ɗaura sai an waiwayo. Uwar yarinyar ma ta roƙi lambar likitan, yaye kawai take jira.

"Dauriya sai jinin Fulani," in ji wata dattijuwa, don ta rufa mata asiri.

Da Anti ta so, da ta karɓi yabon. Sai ta goge jinin a natse, ta dubi uwar yarinyar.

"Ba dauriya ba ce, ƙanwata. Tun da aka yi aikin, wurin nan bai san zafi ba, bai san sanyi ba. Wasu jin yakan dawo musu, ni har yau shiru. Sai na kalli bakin yaron nan nake sanin yana tsotso."

Uwar ba ta taɓa ganin Anti ta yi kyau irin na ranar ba.

Ke mai karatu, kafin ki kwanta gaban likita, tambaye shi abin da madubi ba ya nunawa.